Shaidar Mai Fura a Ofishin Inshora

Salamu alaikum, masu karatu a waya. Ni ne Ɗanasabe Direba na Bebeji, wanda ya riƙe sitiyari shekara arba'in da ɗaya bai take ko kaza ba. Ban yi boko ba, faɗa nake ana danna muku, don haka in kun ga magana ta karkace, ba daga bakina ta karkace ba. Yau zan ba ku labarin da wata ta rantse ranar da na faɗe shi ba ni ba tuwonta. To, na riga na cika cikina a waje.

Shekarar da aka canja hannu ne, alif ɗari tara da saba'in da biyu. Ku da kuka tashi kuka ga mota tana bin dama, kuna tsammanin haka aka halicce ta. Ina! Da can hagu muke bi. Rana ɗaya, wata Lahadi, gwamnati ta ce kowa ya koma dama. Rediyo ya yi wata da watanni yana shela, amma hannun da ya shekara goma yana murza sitiyari gefe guda ba ya jin rediyo. Nawa hannun kam ya ji. Tun saura mako na ɗaura jan zare a babban yatsana na dama, in na ga zaren sai in tuna. Duk tashar Bebeji sun yi mini dariya. Daga baya rabinsu sun zo roƙon zare.

Motata Fijo ce akori-kura, fara sol, na saye ta hannu na biyu bayan shekara tara ina karen mota. Talata da Juma'a nake ɗaukar gishiri da kananzir da fasinja daga Bebeji, in bi ta Kwanar Ɗangora in nufi Tudun Wada. Kuma Talata da Juma'a nake sa wandona mai faɗin ƙafa ruwan ƙasa, da 'yar shara mai aiki a wuya, da agogon da ba ya tafiya amma yana walƙiya. Ku da kanku kun san ba don gishiri nake wannan ado ba.

Gaba kaɗan da kwanar, 'yan matan Fulani suna zaman sayar da fura da nono a bakin titi. A cikinsu akwai Suwaiba. Doguwa ce, mai baƙin zanen saƙi, 'yan kunnen azurfa jere har biyar a kowane kunne, ƙwaryarta kuma ta fi ta kowa haske don wanki. Ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "mai Fijo". Mu ba mu da waya, oda ce wayarmu. Sau uku nake danna ta tun daga nesa.

"Mai Fijo, yau ma ka firgita shanun mutane da wannan kukan naka."

"Ke na kira, ba shanu ba."

"Ni ban ji komai ba."

"To wa ya gaya miki shanu sun firgita?"

Sai ta sunkuyar da kai ta hau damu, ludayi yana ƙwal-ƙwal a ƙwarya. Man shanun da take jefa mini kuwa, na lura, ya ninka na kowa.

Matsalata mahaifinta ne, Baffa Shu'aibu. Rugarsu tana wajen Ɗansoshiya, yana kiwo yana noma. Wata babbar mota ta taɓa kashe masa karsana ta gudu, tun daga ranar ya haɗa direbobin duniya ya zuba a kwando ɗaya. Sau huɗu na je gaishe shi, ina tsugunne yana kallon sama. A na huɗun ya ce, "Ci gaba da zuwa. In damina ta faɗi ban ji ka taka kowa ba, ma yi magana."

A gida kuma Innata, Delu, ta hana ni sakat. Kullum in ta ajiye mini tuwo sai ta ɗora da miyar baki.

"Sa'o'inka 'ya'yansu har sun fara kora awaki, kai kana nan kana auren mota."

"Inna, damina kawai nake jira."

"Gero ne kai?"

To, kwana biyu da canja hannu, ranar Talata, hantsi ya ɗaga. Na karya kwana ina bin damata kamar wanda aka haifa a kanta. Na danna oda ɗaya, na danna ta biyu, na rage giya ina shirin sauka gefe. Ban kai ga ta uku ba sai ga tifa ta ɓullo daga wajen Tudun Wada, maƙare da tsakuwar aikin dam ɗin Tiga, tana bin tsohon hannu. Wato ta yo kaina sak.

Wani direban da rufe ido zai yi ya yi salati. Ni salatin na yi ido buɗe, na murɗe sitiyari iya ƙarfina. Tifar ta kwashi kuncin motata na hagu, fitila ta tarwatse, Fijo ta juya kamar an mare ta, ta fuskanci Bebeji inda muka fito. Mutum bakwai na ɗauko, ba wanda ya ƙwarzane. Wani dattijo goron bakinsa ne kawai ya faɗi, ya sauko yana nema. Akuya ɗaya ta tsinke igiya ta shiga daji. Ni goshina ya fashe kaɗan, har yau tabon yana nan, wanda ya zo Bebeji sai in nuna masa.

Ƙwaryar Suwaiba ta faɗi ta dagargaje, nono ya malale a ƙasa. Ita kuwa ta yo kaina a guje, ɗankwali a hannu. Saura taku uku ta iso sai ta tuna idon mutane, ta ja burki ta tsaya, ta kau da kai.

"Akuyar mutane fa?" in ji ta.

Direban tifar, Bala, na san shi a tasha. Ya diro yana tafa hannu. "Ɗanasabe, wallahi hannuna ne ya manta! Mako uku ina daji wajen Doguwa." Kafin 'yan sanda su iso daga Kiru, motoci sun yi layi, jama'a suka tura tawa da tasa gefe guda don a buɗe hanya. Da suka zo babu abin aunawa. Kashegari kuma, bayan Bala ya gana da maigidansa, sai magana ta canja hannu ita ma. Wai ni ne na tsaya kallon 'yan mata na shigo masa.

Kafin in kai ruga maganar ta riga ni. Na tarar da Baffa yana tufkar igiya a gindin kanya.

"Baffa, barka da hutawa."

"Ka taka."

"Ni aka taka, Baffa."

"Haka kowane direba yake cewa."

Na yi masa bayani dalla-dalla. Tifar tana da inshora, wato kamfanin da ya tsaya mata, in ta yi ɓarna shi zai gyara. Amma sai sun bincika. In suka ɗauki gyaran motata, to sun yarda laifin na tasu motar ne.

Ya ajiye igiya ya dube ni, karo na farko ke nan da ya dubi fuskata.

"Ba mai fitar da abin hannunsa a kan ƙarya. In suka gyara maka, na yarda da kai. In suka ƙi, kada ƙafarka ta sake taka rugar nan."

Na ce na amince. Na faɗa da ƙarfi ma, don na san wadda ta ga komai da idonta.

Bayan mako guda kamfanin ya turo akawunsa a kan babur Basfa, wani mai suna Uba, da farar riga da igiyar wuya a wannan zafin na bazara. Ɗan Kano ne, amma a Ikko ya tashi, Hausarsa duk ta zube a hanya. Mutumin kirki ne, ban ce ba. Ya rubuta nawa bayanin na dangwala yatsa. Ya ce wa zai shaide ni, na ce ga ta can. Ya ce in tsaya nesa kada in sa mata magana a baki. Daga inda nake na ga ya yi tambaya, na ga ta rufe baki da faifai tana dariya tana girgiza kai, na ga ya rubuta. Na ce a raina, an gama.

Mako uku sai ga wasiƙa. Na saka 'yar sharata na kai wa hedimastan firamare ya karanta mini. Ya karanta a zuci, ya cire tabarau, ya mayar.

"Sun ce ba za su gyara ba. Sun ce shaidar da ka kawo da kanka ta ce ba dama kake bi ba."

Jama'a, tifa ta buge ni ban faɗi ba, amma wannan takarda sai da ta zaunar da ni a kan bencin 'yan aji ɗaya.

Nan zan faɗi gaskiya a kaina, tunda na ce zan faɗa. Girman kai ya hana ni zuwa in tambaye ta. Kwana tara ina kwance a soro ina kallon Fijo da kunci a lotse. Inna ta leƙo ta ce, "Motar ce ta sake ka ko yarinyar?"

Abokina Surajo, mai babbar motar da ke bin hanyar, shi ya zama wayarmu ni da Suwaiba. Ya zo ran Juma'a yana danne dariya.

"An ce in gaya wa mai Fijo, in goshi ne ai ya isa warkewa."

"Ce mata na daina shan fura. Ta sayar wa mai tifa."

Ran Talata ya dawo. "An ce mai tifa ba ya surutu, cinikinsa ya fi daɗi. Amma ni dai na ga an saka man shanu a leda an ce in yar a hanya, kuma an ce hanyar ta bi ta Bebeji."

Na karɓi man na ba Inna. Ta sa a miya, na ci. Amma kashegari na shiga motar Kano. Wadda ta ci amanarka ba ta aiko maka man shanu, wannan ko ba boko na gane shi.

Ofishin inshorar yana hawa na biyu a wani bene, da fanka a sama da mata masu buga tafireta. Ranar farko masinja ya ce manaja ba ya nan. Rana ta biyu ya ce yana taro. Rana ta uku na zo da tabarmata da buta, na shimfiɗa a bakin ƙofar manajan, na cire takalmi na yi matashi da su. Duk wanda ya zo wucewa sai in gaishe shi in ba shi labarin tifa tun daga farko. Kafin azahar aka ce in shiga.

Manajan dattijo ne Bakano, mai furfura a gemu. Na durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ban zo rigima ba. Abin da yarinyar nan ta faɗa nake so a karanta mini da Hausa, yadda aka tambaye ta da yadda ta amsa."

Ya sa aka kira Uba da takardunsa. Uba ya gyara igiyar wuya ya duba.

"Na tambaye ta, direban Fijo yana dama? Ta ce a'a. Na sake tambaya, ko kaɗan ba ya dama? Ta ce direba bai taɓa dama ba, ita ce take dama kullum, shi sha kawai ya iya."

Manaja ya dubi Uba, ya dube ni, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya kifa kai a tebur. Da ya ɗago hawaye ne a gemunsa.

"Uba, sana'ar yarinyar me ce ce?"

"Tana sayar da fura, ranka ya daɗe."

"Ita furar me ake yi mata kafin a sha?"

Uba ya dafe kai. Masu tafireta har da riƙe ciki. Ni kuwa na miƙe tsaye na ce, "Kuma gaskiya ta faɗa! Ban taɓa dama fura ba, ko yanzu a ba ni ludayi ɓarna zan yi!"

Da dariya ta lafa manaja ya ce takarda ba ta gyaruwa da dariya. Sai yarinyar ta zo da kanta, da wani babba nata, ya tambaye ta da bakinsa.

Na koma ruga na tsuguna nesa, tunda an ce kada in tako, na yi sallama daga bakin shinge. Baffa ya saurara har na gama. Gefen bakinsa ya motsa, ya danne.

"In bakin 'yata ne ya ɓata haƙƙin mutum, bakinta zai gyara. Amma kada ka ɗauka wani abu na ce."

"Ban ɗauka ba, Baffa."

Ƙarya nake, na ɗauka.

Ran Litinin muka shiga Kano a motar Surajo. Baffa ya sa farar riga da malafa, sandarsa a kafaɗa, masinja ya ce a ajiye sanda a waje, Baffa ya dube shi sau ɗaya, sanda ta shiga ofis. Suwaiba ta sa sabon zane da mayafi shuɗi, ta ƙi kujera ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar mahaifinta. Tun daga kwana har Kano ba ta dube ni ba.

Manaja ya ce, "'Yata, bana kowa ya rikice da dama da hagu, har masu lasin. Don haka ba zan tambaye ki su ba. Ranar da abin ya faru, a wane gefen titi motarsa take?"

"Gefen da nake."

"Ke kuma kina ina?"

"Yamma da titi."

"Nan kuke zama kullum?"

Ta dubi mahaifinta. Baffa ya ce, "Amsa masa."

"A'a. Gindin tsamiya muke zama, gabas da titi."

"Sauran 'yan matan suna ina ranar?"

"Suna tsamiya."

Manaja ya ajiye alƙalami. "Ke kaɗai kika bar inuwa kika koma cikin rana, a tsakiyar bazara? Me ya kai ki?"

Wallahi sai a lokacin na tuna. Ni ranar ban lura da gefen da take ba, na dai gan ta kusa da hannuna kamar kullum, ban tambayi kaina yadda aka yi ba. Ni da nake taƙama da jan zare.

Suwaiba ta ja mayafi har hanci. Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa.

"Rediyon Baffa ya ce motoci za su koma ɗaya gefen."

"To ina ruwan mai fura da gefen mota?"

"In na zauna a tsamiya, sai mutum ya tsallaka titi kafin ya sha." Ta ƙara sunkuyar da kai. "Kuma mutumin ba ya duba hanya in yana tsallakawa. Baki yake buɗewa yana surutu."

"Wane mutumin?"

"Ranka ya daɗe, ka rubuta mutum kawai."

Ban san sanda na ce "Allahu akbar" ba. Baffa ya zuba wa fanka ido kamar bai taɓa ganin abin da ya fi ta kyau ba. Uba, Allah ya saka masa, ya yi ta buɗe takardu har ya ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ne. Fasassun gilashin fitila da sakaina duk a yamma da titi na gan su, ga shi na rubuta a shafi na biyu."

"Mai zuwa Tudun Wada in yana yamma da titi, a wane hannu yake, Uba?"

"Dama, ranka ya daɗe."

"Wace damar?"

"Ta mota, ranka ya daɗe."

Manaja ya sa hannu, ya buga hatimi. Ya ce a ɗauko Fijo a kai garejinsu, kunci da fitila da fenti duk nasu ne, kuma a rubuta cewa direbanta ba shi da laifi. Na ce a karanta wannan layin da Hausa sau biyu. Ya karanta sau biyu, na biyun yana duban Baffa.

Muka sauko. Takarda a hannuna take, amma maganar a bakin Baffa take. Muka iso bakin babban titi, motoci suna ta zuba. Ya duba nan, mota ta fito ta can. Ya sa ƙafa, ya janye. Sai na ji ya damƙe mini wuyan hannu, damƙar mai riƙe bijimi.

"Kai da ka ce ka san hannu, ƙetarar da ni."

Na ɗaga ɗaya hannun kamar ɗan sanda, na shiga da shi a hankali. Muna tsakiyar titi, bai ko juyo ba, ya ce, "Ran Alhamis ka turo manyanka. Su zo da wuri, kafin a saki shanu."

Jama'a, na tsaya cak. A tsakiyar titin Kano na tsaya, na juya na fuskance shi na fara, "Baffa, wallahi ba za ka yi nadama ba, ni ne Ɗanasabe, ka tambayi duk tashar Bebeji, tun ina karen mota..." Wata bas ta ja burki har taya ta yi ƙara, direban ya leƙo yana zagin kakannina. Baffa ne ya fizgo ni da sandarsa ya kai ni gaɓa.

Suwaiba ta riga mu ƙetarewa tuni. Tana tsaye tana gyara mayafi, ba ni take kallo ba, wata mai gyaɗa take kallo.

"Ai na gaya wa manaja," in ji ta.